Teburin Malama Raɗa

Ni na haɗa mata teburin, don haka na san shi ciki da bai: zagayayye, katako mai kauri, kujeru takwas. Ran da ta zo shagona ta faɗi irin wanda take so, sai da na ajiye zarto na dube ta. Makaranta da teburin cin abinci?

"Haka nake so, Malam kafinta," ta ce, da wata murya can ƙasa, sai ka miƙa wuya kafin ka ji. "Na gaji da koyar da yaran da ban san fuskarsu ba."

Malama Raɗa ake ce mata, kuma ko a jikinta. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da lissafi a babbar makaranta, aji ɗaya yara casa'in, tana ɗaga murya tun safe har azahar, har maƙogwaro ya ce ya gaji. Da muryar ta dushe gaba ɗaya sai ta ajiye aiki. Da wata ce, da ta kwanta ta huta. Ita kuwa sai ta share wani ɗaki a saman shagon tela, ta jawo tsofaffin abokan aikinta biyu, ta ce 'yan ajin ƙarshe na sakandare take so, waɗanda suka faɗi jarrabawar fita ko suke dab da faɗuwa. Takwas, ba ƙari. Na tambaye ta ina tata kujerar, ta ce ba ta zama. Haka take yini tana zagaya teburin, tana leƙa littafin kowa ta bayan kafaɗarsa.

Autana yana cikin takwas ɗin nan. Ya faɗi jarrabawa warwas, ni kuma ban yi mamaki ba. Yaron da za ka kira sau uku kafin ya waiwayo? A gida kowa ya san shi da taurin kunne, yayyensa har Sarkin Shiru suke ce masa. Shi dai burinsa ya ci gaba da karatu, uwarsa ta yi ta roƙona, na ce to, sau ɗaya tak. In ya sake faɗuwa, ga guduma can na rataye masa.

Sati uku da farawa, da hantsi, sai ga Malama a bakin shago. Ta jira na kashe inji.

"Malam kafinta, ɗanka ba daƙiƙi ba ne. Ba ya ji da kunnen hagu."

Na ce, "Wa? Auta? Malama, iskanci ne kawai, ni na haife shi."

"In na tsaya ta damansa, kafin in rufe baki ya ba ni amsa. In na zagayo ta hagu, sai ka ce da bango nake magana. Na gwada ya fi sau goma. Na tambaye shi inda yake zama a tsohuwar makarantarsu, ya ce layin baya, kunnen damansa na jikin bango. Shekara shida ke nan."

Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Shekara shida yaro na kallon bakin malami yana motsi! Malamai nawa suka wuce ta kansa, masu murya kamar lasifika, ba wanda ya lura, sai wannan da ko kaza ba za ta iya kora da murya ba.

Washegari na kai shi asibiti. Likita ta haska kunnen, ta daɗe tana dubawa.

"Dodon kunnen ya fashe, kuma an daɗe. Ya taɓa faɗuwa? Ko wani ya taɓa marinsa?"

Kafin in buɗe baki Auta ya ce, "Faɗuwa na yi, likita. Daga kan keke."

Innalillahi. Auta bai taɓa mallakar keke ba, ko hawa bai iya ba. Yana ɗan shekara tara ya ture gwangwanin fenti a kan wata ƙofa da na yi kwana huɗu ina yi. Da hannun dama na mare shi, sau ɗaya. Da safe uwarsa ta nuna mini jini a jikin matashinsa, na ce zafi ne, zai wuce. Daga nan na ci gaba da dukansa don ba ya amsa kira. Ina zaune gaban likita ina kallonsa, yaron kuwa ko kallona bai yi ba.

Malama ba ta tambaye ni abin da aka ce a asibiti ba, ni ma ban faɗa ba. Ta dai mayar da shi kujerar da ke jikin taga, ta hana kowa yi masa magana ta hagu, ta koma da shi baya tun daga lissafin aji uku. Wata bakwai tana raɗa masa a kunnen dama.

Ran da sakamako ya fito, har shago ya kawo mini takardar. Ya ci duka, lissafi ma ya fi kyau. Na riƙe ta da hannu duk ƙurar katako, ya tsaya gefena yana kallon titi. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin ta fito.

"Auta, ni ne. Ka yafe mini."

Bai motsa ba. Na ce a raina shi ke nan, ya ƙi. Can sai na lura da inda nake tsaye. Na ajiye takardar, na zagaya ta damansa, na sake faɗa.