Loma Biyu Daga Kwanon Ramatu

Har gobe ranar da na fara ganin Ramatu ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka fara wannan aiki bana, kun sha tambayata me ya sa nake shiga gidan masu riƙo ta ƙofar kicin kafin in gaisa da masu gida. Ga dalilin.

Lokacin ina shekara ta uku a cibiyarmu ta unguwar Al Warsan, a nan ƙasar Larabawa, ina matsayin mataimakin mai horo. Ga wanda bai san aikin ba, karnuka muke horarwa su yi wa makafi jagora. Ɗan kwikwiyo idan ya kai wata biyu, sai mu kai shi gidan wasu iyali su riƙe shi kamar shekara guda, ya saba da mutane da mota da hayaniya. Daga nan ya dawo wurinmu a yi masa horon wata shida, sannan jarrabawa. Ni ke zagaya gidajen duk mako biyu, in duba, in rubuta rahoto.

Ranar na kai wani kwikwiyo ruwan zuma mai suna Najam gidan wata Madam da ta sa hannu za ta riƙe shi. Ina falo ina karanta mata dokoki da Turanci, sai na hango wata budurwa a bakin kicin, ta tattare gefen zanenta sama don kada kwikwiyon ya shafe ta. Doguwa ce, baƙa, mai fararen idanu kamar an wanke su da madara. Na ji ta ce a hankali, "A'uzubillahi, wani kuma?" Rabon da in ji Hausa daga bakin mace ido da ido har na manta. Takardar hannuna ta kusa faɗuwa.

'Yar Maradi ce, sunanta Ramatu, ita ke aikin gidan. Akwai wani tsohon kare a gidan, Bisko, ɗan lele, wanda ke hawa kujera ya ci abin da ya ga dama. Najam kuwa dokarsa daban. Ba ya hawa kujera, ba ya cin abincin mutane, ba ya ɗaukar komai a ƙasa. Abincinsa a kwanonsa, sai an ba shi izini. Dalilin a fili yake: karen da ke jan makaho idan ya ga nama a bakin titi ya karkata, da ran mutum ya karkata. Duk wannan Madam na yi wa bayani. Ramatu ba wanda ya yi mata, ni ma ban yi ba.

Madam mai yawan tafiya ce, sai riƙon ya koma hannun Ramatu. Da farko da tsinken tsintsiya take tura masa kwano. Kafin wata uku na tarar ta ware zane guda na salla ta rataye a bayan ƙofa, sauran kuwa ta bar wa Najam ya yi ta shafa. Da asuba take fita da shi kafin kwalta ta yi zafi. "Malam mai karnuka" take kirana, takan tambaye ni ko mahaifiyata a Kano ta san sana'ata. Na ce na gaya mata kamfanin kula da dabbobi ne. Ta yi dariya ta ce to Allah Ya sa tsohuwa na zaton raƙuma ne. Ni kuwa a motar komawa Al Warsan na riga na gina mana gida a zuciyata, har da bishiyar lemo a tsakar gida.

Najam yana wata bakwai na zo da rana ban sanar ba. Na same ta a ɗan ɗakinta na bayan kicin, zaune a ƙasa tana cin shinkafa, karnukan biyu sun sa ta a gaba. Ta dunƙula loma ta jefa wa Bisko, ta dunƙula wata ta jefa wa Najam. Na ce mata wannan haramun ne a aikinmu, na yi mata bayanin makaho da bakin titi.

"Malam Nasiru, a gidanmu ba a cin abinci ido na kallo," in ji ta. "In ba wancan in hana wannan? Me zan ce wa Allah? Bon, shi ke nan, na ji, zan daina."

Ta ce tun Najam yana wata uku suke cin rana tare, don ita kaɗai ce a gidan, kuma abinci ba ya wuce mata idan ba wanda ke kusa. Abin da ya kamata in yi a ranar shi ne in rubuta, a ɗauke Najam a kai shi wani gida tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Amma na san idan na rubuta Madam za ta ji, aikin Ramatu zai shiga haɗari, ni kuma ba ni da sauran dalilin zuwa gidan. Na rubuta cewa komai lafiya. Na yarda ta daina, ko kuma in ce na so in yarda.

Da ya dawo cibiya, Najam ya fi duk tsararsa kai. Yana tsayawa a bakin matakala, yana kauce wa rami, ba ya firgita da ƙarar babur. Abu ɗaya ne: da ya ga mutum zaune a ƙasa da kwano, sai kunnensa ya motsa. Na yi ta gyaran wannan ni kaɗai, ban gaya wa shugabarmu ba. A lokacin an riga an haɗa shi da wanda zai karɓe shi, wani malamin makaranta ɗan Sudan da ciwon suga ya cinye wa ido, ya kusa shekara biyu yana jiran layi. Ya zo sau biyu ya shafa kan Najam, har ya ce ya sayo masa shimfiɗa.

A jarrabawar ƙarshe mai horo ne ke ɗaure idonsa da baƙin ƙyalle ya riƙe linzamin karen, shugaba na biye da takarda. Ranar ni na ɗaure ido. Mun wuce matakala, mun wuce ƙofar gilashi. A kusa da inda motoci ke fita, an zaunar da wata ma'aikaciyarmu a ƙasa da kwanon shinkafa. Na ji linzamin ya ja hagu. Ƙafata ta zame daga dakali, na faɗi a kan kwalta daidai inda mota za ta bi. Da na cire ƙyallen, Najam na zaune a gaban matar yana kaɗa wutsiya, yana jiran lomarsa cikin ladabi. Shugaba ta rufe takardarta ta ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Ƙa'ida ce idan kare ya faɗi jarrabawa a koma gidan riƙo a bincika. Muka zauna a falon nan, shugaba da Madam da ni, aka kira Ramatu, ni ne tafinta. Madam ta rantse ba a taɓa ba shi komai ba. Ramatu na tsaye, hannunta a baya.

"Gaya musu ni ce," ta ce da ni. "Na daina wata guda, na kasa. Ka ce su yi haƙuri."

Shugaba ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa yi mata bayanin dokar. Na juya tambayar zuwa Hausa. Ramatu ta dubi ƙasa ta ce babu. Ta rufa mini asiri, ni kuma na fassara wannan "babu" da bakina, ban ƙara komai ba.

Aka cire gidan daga jerin masu riƙo. Madam ta ji kunya a gaban ƙawayenta, kafin wata ya ƙare ta soke bizar Ramatu. Sai bayan jirginta ya tashi na iya shiga ofis na faɗi gaskiya. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka jinkirta mini ƙarin girma shekara guda. Shugaba ta ce da na yi magana tun yana wata bakwai, da mako shida sun isa a gyara shi. Najam aka ba wasu iyali ya zama karen gida. Ni aka sa na buga wa malamin waya. Sai ya tambaye ni ko akwai wanda ke bukatar shimfiɗar kare.

Abin da na koya ke nan. Wanda ya sa hannu a takarda daban, wanda ke riƙon kare daban, kuma a garin nan na biyun yawanci yana bayan kicin. Ku same shi, ku yi masa bayani da harshen da yake ji. Abin da kuka gani kuma ku rubuta a ranar, ko da wanda kuke so zai shafa. Shirun da na yi don in tsare ta, shi ya kore ta.

Bayan shekara shida na haɗu da wata Hajiya 'yar Maradi a kasuwar Naif, ta zo sarin jakunkuna. Da na ambaci sunan Ramatu, ta ce ai maƙwabciyarta ce. Ramatu ta yi aure, mijin ya rasu, ta koma gidan mahaifinta da 'ya ɗaya. Tsohon ya makance, ita ke riƙe masa sanda zuwa asibiti da bakin masallaci. Hajiyar ta kira ta nan take ta miƙo mini wayar. Muryarta ba ta canja ba. Ba ta yi mini ƙorafi ba, ba ta tambayi Najam ba.

"Malam Nasiru, mutumin nan da ke jira, ya samu wani karen?"

Malamin bai kai ga samun wani karen ba. Makarantar ta sallame shi, ya koma ƙasarsu da sandarsa. Na tsaya a tsakiyar kasuwa, masu tura kaya na ce mini in kauce, wayar na kunnena. Wannan karon na gaya mata gaskiya. Ta ce Allah Ya yafe mana, ni da ita, sannan ta ce za ta je, Baba na kira.