Hannun Baba a Jikin Gangata

Jiya jikata ta kunna min wani fim na yarinya mawaƙiya da mahaifinta kurma. Ban iya ƙarasa kallo ba, na tashi na shige ɗaki.

Babana kurma ne, tela a Unguwar Kanawa. A shekarun saba'in ni ke buga babbar gangar maci a firamarenmu. In ina gwaji a gida, yakan ɗora tafinsa a jikin gangar, ya lumshe ido yana murmushi. Ta nan yake jin kiɗana.

Ranar rabon kyaututtuka sai ga shi ya ratso taro cikin sabuwar riga, ya ɗora hannu kamar yadda ya saba. Yara suka kwashe da dariya.

Malaminmu ya ce, "Kai Sani, wane ne wannan?"

Na ture hannun, na ce, "Telan unguwarmu ne, Malam."

Na manta Baba yana gane magana daga motsin baki.

Bai nuna min komai ba. Shi ya ɗinka min kayan macin shekarar da ta biyo, amma har ya rasu bai sake taɓa gangata ba.

Jama'a, wanda ya makara wajen neman gafarar mahaifi, ina zai kai kunyarsa?