Uwar Fayil da Wasiƙun Ruwan Rani

Ƙarfe bakwai da rabi take sauka ɗakin ajiyar takardu na ma'aikatarmu, can ƙarƙashin bene, inda fanka ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta kaɗe ƙura, ta leƙa tarkon ɓera. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Uwar Fayil muke ce mata, muna yi mata tsiya cewa ko takardar ƙunshin magani ta tsinta sai ta ba ta lamba.

Wani darakta ya taɓa cewa a ƙone tsofaffin kwalaye. Ta ce, "Ranka ya daɗe, takarda mai hatimin ƙasa ba ta shiga wuta, sai dai ka haɗa da ni."

Bara maƙwabciyar ƙasa ta ce za ta rufe dam ɗinta da rani. Yarjejeniyar kogin da ya ratsa ƙasashenmu biyu ta ce a sakar mana ruwa, amma ba ta ambaci watanni ba. Ni ne lauyan da aka ɗora wa aikin, ga dubban manoma sun riga sun dasa. Na sauka wurin Uwar Fayil.

"Ɗana, me aka rasa?"

"Hujja, Mama."

"To su maƙwabtan, da can me suke yi?"

Ta jawo kwalayen nan da darakta ya tsana. Kowace shekara ga wasiƙarsu: sun saki ruwan rani kamar yadda yarjejeniya ta wajabta. Ga amsarmu maƙale a baya. A dokar ƙasa da ƙasa, abin da ɓangarori biyu suka daɗe suna aikatawa bisa yarda yana bayyana abin da suka ƙulla. A teburin sulhu shugaban tawagarsu yana buɗe wasiƙun sai ya ci karo da sa hannunsa, tun yana ƙaramin jami'i. Ya cire tabarau. Bayan sati biyu aka saki ruwa.

Ke ce kika ci shari'ar nan, Mama, mu muka sha tafi. Na ji kunya ranar, har yau ina ji. Mun gode. Masu tasowa, ku riƙe ƙaramar takarda yadda ta riƙe.

Wata mai zuwa za ta yi ritaya. Na tambaye ta abin da take so.

Ta ce, "Ku kai ni in ga kogin nan. Ban taɓa ganinsa ba."