Busasshen Kwarin Jibuti

A Karantina, wata unguwa a Jidda, aka haife ni, a gidan katako da kwano wanda yau ko ƙusarsa babu. Da an idar da magariba, kakata Hajiya Ladi takan jawo murhun gawayi tsakar gida ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Akwai labari guda da ba ta yarda a yi dariya a cikinsa. Takan ce, "Ku natsu. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta."

A ƙasa suka taho hajji, har suka faɗo Jibuti, 'yar ƙasa a bakin teku. Ta ce duwatsunta baƙaƙe ne kamar gindin tukunya, tafkinta gishiri, iskarta kamar an buɗe tanderu. Ba damina, ba gona. Suna jiran jirgin ruwa sai suka sami wani busasshen kwari, rairayi mai laushi, ga inuwa, in ka tona da hannu ruwa ya tsattsafo. Ayari ya sauke kaya.

Wata makiyayiya ta tsaya a kan dutse tana kaɗa musu sanda, tana nuna tuddai can nesa. Ba mai jin yarenta. Madugu ya dubi gabas, yadda ake duban hadari a gida, ya ga sama fes. Ya ce, "Rabu da ita, rijiyarta take wa rowa."

Kakata ta hau wurin matar roƙon nonon akuya don goyonta. A nan muryarta takan sauka.

"Rana tsaka, 'ya'yan nan. Na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan gurnani. Jan ruwa, tsayin raƙumi, yana mirgino duwatsu. A kan tuddai aka yi shi, mu ko ɗigo bai taɓa mu ba. Kakanku yana ƙasa yana ɗinkin takalmi."

Ba ta taɓa ƙara kalma daga nan ba.

Da aka rushe Karantina, ɗana Usman ya samo mana gida a gabashin Jidda, gindin tuddai, ɗakunan ƙasa na wani bene, kusa da aikinsa. Na je gani. Ban iya karatu ba, amma na ga tsakuwar layin sumul take, zagayayya, na ga tsummokara maƙale a katanga daidai ƙirjina.

Na ce, "Usman, hanyar ruwa ce wannan."

Ya ce, "Ya Ummi, sau nawa ake ruwa a Jidda? Halas, magana ta ƙare, na sa hannu. Yalla, mu tafi."

Mun tare. Sai yanzu na gane ba don ta tsorata mu kakata take faɗar labarin nan ba. Ƙasar da ba a ruwa ita ce mutanenta ke mantawa da shi. Jikata Ruƙayya shekararta huɗu. Kullum da la'asar muna wani wasa: in ɗaure mata ido da gyale, ta hau bene har rufi ita kaɗai. Jiya ta kai ba ta yi tuntuɓe ba.