Asirin da Na Rufa Maka

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu tattara. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda kowa ke kira Baba Tela. Ya cika a asibitin da nake aiki, bayan kwana tara yana jinya. Mako biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji, Baba, kuma ba gajiyar aiki ba ce.

Shekara arba'in da ɗoriya ka yi a kan keken ɗinki, a shagon nan mai ƙofa ɗaya da benci a waje. Leburori sukan kawo maka wandon da ya yage a inda ba a faɗa, ka sa su shiga bayan labule, ka ɗinke, ka miƙa musu ba tare da ka ɗago kai ba. Ranar da na fara zuwa gaishe ka, kallo ɗaya ka yi min, bayan mako guda sai ga farar riga ta aiki an aiko, ta zauna min cif. Ka ce a gaya wa Likita an ƙara wa aljihun zurfi, domin an ga hannunsa bai san inda zai sa kansa ba in yana gaban manya. Ka taɓa gaya min cewa tela nagari yana auna ƙugun mutum ne idonsa na kan bango. Shekara goma sha uku muna tare, ban taɓa jin ka kira sunana ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da kai ba.

Yanzu sai abin da ya hana ni rubutu.

Wata Alhamis da hantsi ka zo sashen gaggawa da zazzaɓi, aka yi rashin sa'a ni ne a bakin aiki. Na ba ka kujera, ka ce tsayuwar ta fi maka. Na ga yadda kake tafiya kana ware ƙafa. Na ga sugan jininka ya hau. Na kuma ji wani wari a ƙarƙashin turaren da ka zuba, warin da duk wanda ya daɗe a aikinmu ya sani. Ni ne fa nake koya wa ɗalibai cewa mai ciwon suga in ya zo da zazzaɓi, a duba shi har matsematsi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tambaye ka ko akwai wani wuri da ke ciwo, ka ce babu. Abokin aikina yana ɗakin tiyata, da na jira shi sa'a guda da ya duba ka. Amma jiran yana nufin in faɗi abin da nake zargi, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Na rubuta maka maganin zazzaɓi, na gyara maka na suga, na raka ka har bakin ƙofa.

Ranar Lahadi aka dawo da kai ranga-ranga. Ƙaramin ƙurji ne ya faro a tsakanin cinyoyi, ƙwayoyin cuta suka bi ta ƙarƙashin fata suka ci har mara. Irin wannan ciwo ba ya jiran kwana uku. Sau uku aka shiga da kai tiyata ana yanke naman da ya mutu, kullum a fito a ce sai an sake.

A rana ta shida hankalinka ya ɗan dawo. Ka sa matarka Inna ta fita nemo ruwan zafi, ka juya fuskarka bango.

“Likita, ranar nan ka gane ko?”

Na ce, “Na gane, Baba.”

Ka ce, “Na san ka gane. Allah Ya yi maka albarka da ka rufa min asiri. Kada ka gaya wa ’yata.”

Da zagina ka yi, da ya fi min sauƙi. Tun ranar nake yawo da wannan albarka, ta hana ni cin abinci.

Masu zuwa gaisuwa sai yabona suke yi. Inna tana gaya wa kowa cewa ko ɗan cikinta ba zai yi abin da na yi ba. ’Yarka kuwa kullum sai ta ce ta gode wa Allah da mahaifinta ya faɗo a hannun mijinta. Ina jin su, ina cewa amin. Na san kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi, amma na san abin da ban yi ba.

Ka gafarce ni, Baba, ba zan iya riƙe wannan amana ba. Na rufa maka asiri sau ɗaya, na ga inda ya kai mu. Kafin kowa ya ga wannan takarda, ’yarka zan fara miƙa wa, in zauna a gabanta har ta kai ƙarshe.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta bayinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da ƙannen matata, da jikokinka, da abokan zaman benci. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ke kuma uwar ’ya’yana, ga tawa ta'aziyyar, in za ki iya karɓarta daga hannuna.