Tansiyon Baffa, Tenshan ɗin Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hassan, kuma har yau idan kewarsa ta taso mini ba hoto nake nema ba. Tasha nake zuwa a nan Jibiya, in jira motar Maraɗi ta iso. Direbanta Baffa Usaini ne, abokin tagwaicin Baba. Kamarsu ɗaya sak, har wushiryar.

Tun suna yara aka ba goggonsu riƙon Baffa, ta tsallaka da shi Nijar, can ya tashi. Baba ya zauna a gida ya zama manomi. Ban taɓa ganin mutum mai kiyaye cikinsa irin Baba ba. Furarsa ba sukari, tuwonsa na dawa, ba goro, ba taba, kuma a ƙafa yake zuwa gonarsa ta Mazanya. Baffa kuwa, wayyo! Shayi mai kauri kamar zuma, balangu mai kitse, yini guda a zaune bayan sitiyari. Duk zuwan da zai yi sai Baba ya daki tumbinsa ya ce, "Usaini, cikin nan naka shi zai kashe ka."

Sai ga shi Baba ne ya faɗi a gona lokacin girbin gero. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, bai yi sati ba ya cika, bai ko kai sittin ba. Baffa na nan daram yana shan shayinsa. Na san ajali ne, na sani sarai. Amma Allah Ya yafe mini, na daɗe ina jin haushin abin, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Bara ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti. Likita ta auna ni ta ce hawan jini ne. Ta tambayi yadda Baba ya rasu, da yadda kakata ta rasu, ta girgiza kai ta ce akwai gado a ciki. Sannan ta ce in rage gishiri da magi, in riƙa tafiya a ƙafa, in sha magani kullum. Nan kaina ya ɗaure. In gado ne, me rage gishiri zai yi mini? In kuwa abinci ne, me Baba ya ci? Na karɓo ƙwayoyin na jefa su cikin kwalla na rufe. Ina da yara ƙanana, kuma nakan dube su gabana ya faɗi, duk da haka ban sha ba, don ban ga amfanin wahalar ba.

Da azumin bana Baffa ya sha ruwa a gidana. Bayan ya share kwanon, sai na ga ya zaro wata 'yar ƙwaya daga aljihu ya kora da ruwa.

"Baffa, maganin me ne wannan?"

"Na tansiyo ne, Inna." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsu na ci. "Tun kina goye nike shan shi. A likitar Maraɗi anka auna ni."

Na ce ban gane tansiyo ba. Ya kama damtsensa ya matse, yana kwatanta abin awo. Sai na gane. Hawan jini yake nufi, haka suke kiransa a can, da bakin Faransanci.

"Baba ya san kana da shi?"

"Haba, ni da bakina na hwaɗa mai! Na ce Hassan, ina da tansiyo, kai ma ka duba. Yai dariya ya ce shi ba ya da shi ko kaɗan, yana cin tuwonsa yana barcinsa, ni mai fama da shingayen hanya ni ke da tenshan. Ni kuwa na ɗauka an auna shi ne an ga lafiya lau."

A wajenmu tenshan damuwa ce. Baba ya ji damuwa, ya amsa a kan damuwa. Baffa ya ji amsar, hankalinsa ya kwanta. Ban iya yi masa bayani ba a ranar. Na dubi fuskar nan, na tashi na shiga ɗaki na yi kuka.

Kada mai karatu ya ɗauka na warware komai, wallahi ban warware ba. Ban sani ba ko da Baba ya sha ƙwayar zai kai yau. Ban sani ba ko furar nan da tafiyar ƙafa su suka kawo shi inda ya kai, da babu su ya tafi tun muna ƙanana. Ban kuma san dalilin da kitsen Baffa bai kayar da shi ba har yanzu. Nakan yi tunanin me Baba zai ce da ya ga yadda abin awo ya cika kemis-kemis na garin nan. Ina jin zai ce shi lafiyarsa ƙalau, sai an yi da gaske zai miƙa hannu.

Na dai fito da ƙwayoyin daga kwalla, ina sha. Furata kuma ba sukari, yadda na gani a gida. Jinin na gada, furar ma na gada, ban san wanne zai rinjayi wani ba. Ƙannena duk na tasa su gaba an auna su, kuma na faɗa musu sunan ciwon da Hausa, da Turanci, da bakin Maraɗi, don kada wani ya ce bai ji ba.

Jiya ma na je tasha. Baffa ya fito daga mota yana miƙa, gemunsa fari fat. Na tsaya ina kallon furfurar da Baba bai samu ya yi ba. Allah Ya ji ƙanka, Baba.