Goggo Saude Mai Waƙar Tsuntsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 6 ga Maris, 2025, cikin watan azumi, Allah Ya karɓi ran Malama Saude Yusha'u a gidanta da ke Rogo, tana da shekara saba'in da ɗaya. Yara sun san ta da littattafanta na waƙoƙin tsuntsaye. Mu da muka yi aiki da ita, Goggo muke ce mata.

Goggo, kina koyarwa a firamare kika ga yaranmu suna haddace waƙoƙin tsuntsayen da ba su taɓa gani ba, sai kika ɗauki biro. Kin yi wa balbela waƙa, kin yi wa carki, har ungulu da kowa ke kyara sai da kika nema mata mutunci. Ba kya rubuta baiti kan tsuntsun da ba ki zauna kin kalla ba.

Ni ne na fara karya miki wannan doka. Ina zanen allon shaguna a Karaye, ba wanda ya san da ni, kika ba ni zanen littafinki na farko. Don ganda, na kwaikwayo shamuwa daga wani littafin Turawa, fara fat. Masu buga littafin suka ce a sallame ni, suna da gwaninsu a Kano. Har na fidda rai.

Kika dubi zanen kika ce, "Lukman, wannan shamuwar ba ta taɓa shan ruwan Yammedi ba. Ɗan shekara biyar zai ƙaryata mu."

Maimakon kora, kika dakatar da littafin wata huɗu har damina ta kawo kai, kika tura ni gindin wata tsamiya a Ruwan Bago inda shamuwoyi suke sheƙa. Kwana tara ina ɗaga kai, hulata ta sha kashinsu. Na dawo miki da shamuwarmu, baƙa, sai cikinta fari.

Littafi goma sha ɗaya muka yi tare. Da wannan sana'a na yi aure, da ita nake riƙe iyali. Kunya ta hana ni faɗa miki a gabanki: na gode, Goggo. Rubutun na goma sha biyu yana hannuna, zan zana shi, amma babu sauran mai dawo min da zane ta ce in sake.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki, Mas'uda da Kabir, da jikoki, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yadda kika rufa min asiri ranar da na yi kuskure, Allah Ya rufa miki fiye da haka.